Ranar da Ruwa Ya Janye

Litinin, 4 ga Afrilu, 2016
Farhana ta samu gurbin koyon aikin jagoran jirgi, irin masu shigo da manyan jiragen ruwa tasha. Ta ce ba za ta karɓa ba sai na sa albarka. Ni kuwa ba na furta abin da zuciyata ba ta yarda da shi ba. 'Yata tilo, a kan ruwa?

Alhamis, 7 ga Afrilu
Ta wanke kwanuka da ƙarfi.

Asabar, 9 ga Afrilu
Ta ɗauke ni daga gidanmu na Largo zuwa wani siririn mashigi da jirage ke bi. La'asar ta yi, na tsugunna bakin ruwa zan yi alwala. Na miƙa hannu, sai ruwan ya janye, ya bar ni da laka! Na hau salati.
"Mma, taso, taso!" Ta fizge ni baya. Ruwan ya dawo da ƙarfi, ya tafi da takalmina ɗaya.
Ashe jirgi ne ke wucewa, tsayinsa kamar asibitinmu, yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Ta ce a wuri marar zurfi, in jirgi ya yi sauri, ruwan ƙarƙashinsa zamewa yake, sai ya ƙara nutsewa har ya taɓa ƙasa. In ya matso gefe kuma, gaɓa ta ja bayansa. Na ce to me jagoran yake yi? Wai hana shi gaggawa.
Na zaci aikin 'yan ganganci ne.

Lahadi, 10 ga Afrilu
Bayan azahar na kira ta, na dafa kanta. Allah Ya yi miki albarka. Har zuciya na faɗa. Ta yi kuka, ta jiƙa mini mayafi.

Juma'a, 20 ga Mayu
Ta ci jarrabawar farko! Alhamdulillahi. Na dafa wa maƙwabta shinkafa, har maƙwabciyata Nanret ta yi guɗa a matakala.

Asabar, 28 ga Mayu
Wajen suna a garin Manassas, wata Hajiya Safura ta taɓe baki: "'Ya mace a teku, Malama?"
Niyyata in yi shiru. Sai ga ni da faranti da ludayi ina nuna wa mata yadda gaɓa ke jan jirgi, har abincina ya huce. An ce muryata har waje.
Ba alfahari ba ne, Allah Ya sani. Bayani ne kawai.