Aladen Daji Za Su Gaje Ni

Suceava,
ƙarshen watan Oktoba.

Zuwa ga ƙanena Ilarie, a Torino.

Bayan gaisuwa irin ta waɗanda suka sha nono ɗaya, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Catinca da 'ya'ya da jikoki. Allah ya sassauta maka ciwon bayan nan da ka samo wajen liƙa wa Italiyawa tayil a banɗakunansu. Mu ma muna nan da sauran numfashi. 'Yata Sorana lafiya lau, kullum tana kantin maganin da take aiki. Mijinta Tiberiu ya ƙara ƙiba har wuyansa ya shige cikin kafaɗa. Ƙuguna da ya karye bara ya ɗinke. Likita ya ce in gode wa Allah, na ce masa zan isar da saƙon. An gyara kabarin matata Domnica kafin sanyi ya shigo. Ban je ba, hotonsa aka nuna mini a waya, yadda ake nuna mini komai yanzu.

Na zaɓi in rubuto maka da hannu ne domin a waya ihu kake yi kamar mai kiran tumaki, kuma Sorana tana tsayawa a bakin ƙofa tana goge kofin da ya riga ya bushe. Kullum tambayarka ɗaya ce, wai yaya nake jin daɗin birni. To bari in gaya maka. Tun da suka kulle gidanmu na ƙauye suka ɗauko ni kamar buhun dankali, a hawa na biyar nake, lif kuma ya mutu tun kafin in zo. Na san lokacin da maƙwabcin sama yake shiga banɗaki, na san abin da ta ƙasa take soyawa. Ruwan famfo ɗanɗanon ƙarfe gare shi. Bishiya ɗaya ce a tsakar gidan, ita ma an aske ta kamar ɗan fursuna. Ni da na ƙare kuruciyata ina koya wa yara taswirar duniya, ina nuna musu koguna da duwatsu da tsinken alli, yau iyakar ƙasata daga gado zuwa taga.

Abin da nake so ba mai yawa ba ne, kuma ka san shi, ko da yake kai ba ka taɓa sonsa ba. Ina so in farka in ji ruwa yana dukan tanti a saman fuskata. Ina so hayaƙin ɗanyen itace ya sa ni hawaye, in tuƙa tuwon masara a baƙar tukunya, in kife shi a kan katako in yanka da zare, in soke kitsen alade a tsinke yana ɗiga a kan burodi. Ina so in ji gurnanin mazan barewa a ƙasan kwari lokacin da ganye ya fara ja, in kwana da takalmina a ƙarƙashin kai, in tashi gwiwoyina sun sandare, babu wanda zai tambaye ni ko na sha ƙwayata. A daji in mutum ya ji tsoro ya san abin da yake tsoro. A nan kuwa sai a yi maka murmushi ana neman abin da ke cikinka.

Ka san abin da ke cikina. Wurin hiribi ne, wurin Baba, inda laimar kwaɗin nan mai kaurin gindi da muke ci take fitowa har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Ka kuma san ƙa'idar gidanmu, ko da ka manta ta da gangan. Ba a faɗin wurin da baki, ba a zana shi. Uba yana zaɓar ɗa guda ya kai shi da ƙafa, a bi hanya mai kewaye, a dawo ta wata daban. A yanka, a rufe gindin da ganye, a lulluɓe bakin kwando da ciyawa, in an gamu da maƙwabci a ce masa bana daji ya bushe. Baba ya yi wa limamin cocinmu wannan ƙaryar ido da ido, limamin ya yi masa tasa, suka rabu da mutunci. Na zana taswira ba adadi a rayuwata, ban taɓa ɗiga ko ɗigo ɗaya a kan wurin nan ba. Domnica kaɗai na kai, bayan ta haifa mini Sorana, kuma ta tafi kabari bakinta a rufe. Butar shayinta tana can har yanzu, rataye a reshe kusa da idon ruwa.

To, a farkon kaka sai ga Tiberiu ya fara shigowa ɗakina da kwalbar barasar gida da ƙananan kofuna biyu. Mutumin da shekara guda bai san launin labulena ba, sai ga shi yana kirana Baba, yana tambayar yaya ƙugu. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Ka san sana'arsa: yana kwasar 'yan birni da Jamusawa a mota ya kai su bakin daji, ya kafa musu tantuna masu katifa da fitilu masu launi, su kwana suna jin kiɗa, su koma su ce sun yi zaman jeji. Ya ce mini zuciyarsa tana karyewa in ya gan ni a taga. Ya ce zai sauke ni daga benen nan ko a bayansa ne, ya kai ni daji, in kafa tsohon tantina in kwana, in dai zan nuna wurin, don kada gadon iyali ya salwanta.

Na san abin da yake nufi, Ilarie, ban tsufa har can ba. Amma na yarda. Jiki magayi. Na ce a raina Sorana jinina ce, ba ni da wani ɗa, kuma lokaci ya yi. Na kafa sharaɗi biyu: daga inda mota ta tsaya, ni da 'yata kaɗai za mu shiga, kuma babu waya a jikin kowa. Tiberiu ya dafa ƙirji ya rantse da kabarin uwarsa, wadda na san tana raye a Iaşi, sai daga baya ya gyara ya ce na kakarsa. Sorana ta sumbaci hannuna, ita ma ta rantse. Kwanakin nan na zama kamar yaro mai jiran Kirsimeti. Na fito da tantin na shanya a baranda, na ɗinke inda ɓera ya ci, na wasa wuƙata, na riƙa zagaya ɗaki da sanda don in saba wa ƙafa.

Ranar da muka tafi gari ya waye tas. Da muka wuce gidajen ƙarshe na buɗe tagar mota, ƙamshin ruɓaɓɓen ganye ya shigo, sai na juya fuska don kada su gani. A bakin tsohuwar hanyar masu yankan katako motar ta tsaya. Na koma bayan wata bishiya in rage ruwa, kuma ka san tsoho yana daɗewa. A nan na ji surukina yana waya yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce Kawu Ilarie ka kwantar da hankalinka, yau dai tsohon zai amayar. Na kuma ji muryarka, domin kamar yadda na ce, ihu kake yi. Ka ce a lallaɓa shi, tun yana yaro taurin kai gare shi, me zai yi da wuri a kabari. Ka ce in an buɗe sansanin a sa masa sunan Baba. Na ɗaure wandona na fito.

Duk da haka ban fasa ba. Na ce a raina ku biyu ku je ku ci kanku, amma yarinyar nan ta rantse. Muka shiga ni da ita, tana ɗauke da tanti da kwando, da farin takalminta na yawon kanti. Na riƙa nuna mata abubuwa kamar yadda Baba ya nuna mini: inda alade ya yi tono, wace laima ce ke kashe mutum, yadda ake karanta gansakuka a jikin itace. Tana cewa to Baba, to Baba, hannunta ɗaya bai bar aljihun rigarta ba. Da muka iso inda hanya ta rabu biyu na tsaya in huta. Daga nan, in iska ta yi daidai, ana jin idon ruwan yana zuba a kan dutse. Ranar iskar ta yi daidai. Na tambaye ta ina wayarta. Ta dube ni da idanun uwarta ta ce tana mota. Ba ta rufe baki ba aljihun ya yi gurnani, irin na ƙudan zuma a cikin kwalba. Mijinta ne, yana bin sawunmu ta wayar da ta ɓoye taku bayan taku, ya kasa haƙuri ya kira ya ji ko mun isa.

Ba zan ce maka hagu ko dama ba. Na dai ɗauki ɗaya hanyar. Na kai ta gangaren nan mai laka inda shanun ƙauye ke sauka, ganyen ƙaiƙayi har ƙirji. Na ce ta kira mijin nata tunda abin kiran yana hannu. Ya zo yana haki, da wani abokinsa da ya biyo mu a baya mai ɗan jirgin ɗaukar hoto, laka ta cire masa takalmi ɗaya ba ta mayar ba. Na nuna musu 'yan siraran laimomin da ke tsirowa a kan kashin shanu, na ce: "Ga gadonku, ku sa masa sunan duk wanda kuka ga dama."

Sorana ta zauna a kan kututture ta yi kuka, ƙafafunta duk sun yi ƙuraje. Ta ce ta yi ne don gidansu, don aikin mijinta yana tangal-tangal, ta ce ai dajin ba nawa ba ne, na Allah ne. Na ce ƙwarai, sai ta je ta tambaye shi hanya. Ta ce ko Mama haka na yi mata. Na ce uwarta ba ta taɓa duba na ta yi mini ƙarya da aljihu cike ba, kuma na gode Allah da ya ɗauke ta ba ta ga abin da ta haifa ba. Na faɗa, kuma ban janye ba. Tiberiu ya kira ni mahaukacin tsoho, ya ce ya ƙona mai a banza, ya ce daga yau ba zan sake ganin daji ba sai a talabijin. Ko kwance igiyar tantin ba a yi ba. Kafin la'asar muna kan kwalta. Hawa benen kuwa ni kaɗai na yi shi, ina zama a kowane hawa, babu bayan da aka ba ni.

Yanzu tantina yana tsakar gida, Tiberiu ya lulluɓe babur ɗinsa da shi, daidai inda zan gani daga taga. Sorana tana ajiye mini abinci a kan kujera ta fita. Na ji suna maganar wani gidan tsofaffi a bayan tashar jirgi, wai akwai lambu. Ba na jin haushin Tiberiu, shi abin da yake ke nan, ba a zargin alade don ya yi tono. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Shi ya sa kai nake rubuta wa.

Tun muna samari kake cewa Baba ya fi sona, ya hana ka rabonka. Na bar ka da wannan tunanin don na ji tausayinka. Yau tausayin ya ƙare. Baba ya kai ka wurin, Ilarie. Kai ya fara zaɓa, don kai ne mai ƙafa da ido, ni mai littafi ne. Ka tsaya a tsakiyar hiribin nan, ka sha daga idon ruwan. Ka yi ta mita cewa ƙasa ta yi sanyi, kana son ka koma kan gadonka. Da kuka dawo, ranar Lahadi a bakin coci, ka gaya wa duk mai kunne cewa kwandon Baba ya cika har ya yage. Sa'ar da aka yi ba ka riƙe hanyar ba, domin ko a lokacin idonka yana kan motar da ke zuwa birni. Daren nan Baba ya ce wa Mama, kunnena yana ji, wannan yaron kwando ne, ba a ajiye ruwa a cikinsa. Sai bayan nan ya kai ni. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Saboda haka ba hana ka aka yi ba. An ba ka, ka zubar. Ka zauna a Torino ka yi ta tono a cikin kanka, wurin yana ciki, ba za ka same shi ba.

Na san abin da na saya da abin da na biya. Na tsaya inda nake jin ruwan, ƙafafuna za su iya kai ni, butar Domnica tana jirana, na juya baya. Ba zan sake kwana a ƙarƙashin itace ba sai na akwatin gawar da za a ƙera mini. Wani lokaci in ruwa ya sauko nakan buɗe taga in ji yana dukan tantin a can ƙasa, sautin bai canza ba. Amma bana hiribin sun fito sun tsufa sun ruɓe babu wanda ya taka su da takalmin kanti, baɗi ma haka. Aladen daji za su ci rabonsu. Sun fi ku cancanta, ba su taɓa gaya wa kowa ba.

Ka gaida Catinca, ka ce mata na gode da safar da ta aiko, ta yi mini kaɗan. Ka gaida Silvestru da matarsa, da Varvara, da ƙananan da ba su iya harshenmu ba. In ka gamu da Gavril na gidan maƙera ka ce ina gaishe shi, kuma bana daji ya bushe. Kada ka wahalar da kanka da kiran waya. In lokacina ya yi ka zo in kuɗin jirgi ya samu, in bai samu ba za a nuna maka hoto.

Don kada ka ce yayanka bai bar maka komai ba: ka bi tsohuwar hanyar masu katako, ka tsallaka rafi, ka yi ta hawa har inda hanya ta rabu biyu. Sauran ka tambayi Baba in kun haɗu.

Ni ne yayanka,
Sofronie.