Farin Fure a Bishiyar Masu Gawayi

Aburi, 6 ga Mayu, 1984

Kawu Imoro,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Na ga farin kaucin nan mai wutsiya da kake ba mu labarinsa muna yara. Ya yi fure a wata tsohuwar bishiya bayan gidan da nake haya. Masu gawayi za su sare ta kwanan nan. Ka taho da kyamararka.

'Yarka, Zelia

Nima, 9 ga Mayu

Zelia,

Na amsa gaisuwa. Ba kauci ba ne, furen da Turawa ke kira okid ne. Kauci tsotsar bishiya yake yi, wannan kuwa zama kawai yake a jikinta. Duk shekarun da na yi a aikin gandun daji ban taɓa samun sa da fure ba, har aka sallame ni. Yanzu hoton fasfo nake ɗauka, kowa so yake ya gudu daga ƙasar nan. Wa zai kalli hoton fure? Ba inda za ni.

Kawunki

Nima, 12 ga Mayu

Zelia,

Gaisuwar ma da ƙyar. Musah direba ya kawo tsarabarki ƙunshe cikin ganye kamar dokunu, tuwon masarar nan. Ke da iliminki ki tsinke furen? A ƙarƙashin buhun rogo ya yi tafiya. Maƙwabciyata Abibata har tana tambaya ko na miya ne. Sai dai ƙamshin bai mutu ba. Gaya min gaskiya, duka kika cire?

Kawunki

Aburi, 14 ga Mayu

Kawu,

Ka gafarce ni, ƙafarka na so in hutar. Saura reshe ɗaya can sama, hannuna bai kai ba. Masu gawayi za su jira zuwa Lahadi. Babbansu ya ce zai ara maka tsani, in har za ka ɗauke shi hoto shi ma.

'Yarka, Zelia

Nima, 3 ga Yuni

Zelia 'yata,

Allah ya yi miki albarka. Na wanke fim. Daga kan tsanin na ɗauka, yawancin hotunan sun dushe, amma ɗaya ya fito tsaf, har da raɓa a wutsiyar furen. Babban masu gawayi ya fito da kyau fiye da yadda ya cancanta.

Ki tambaye shi inda za su yi sara nan gaba. Ina so in riga su zuwa.

Kawunki, Imoro