Ƙwayoyin Hawan Jinin Baba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, barci ne dai ya ƙaurace mini, amma kada Inna ta ji.

Ƙwayoyin hawan jinin Baba da na taho da su na auna su a ɗakin bincikenmu. Ko rabin maganin babu a ciki. Malamina ya ce, "Ki kama bakinki sai an sake gwaji, in kina son ƙarasa karatunki." Ni dai ba zan jira ba.

Don Allah ka kai Baba asibiti yau, likita ya canja masa magani. In ya yi gardama, ka ce autarsa ce ta roƙa.

Allah ya ba shi lafiya.

Ƙanwarka