Mama da Motar Tsintsiya

Zuwa ga ƙanena Stijn,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Annelies da yara, Ya kuma sassauta muku sanyin Kanada, wanda na ji ya fi namu rashin kunya. Mu nan Oudenaarde lafiya lau. Ruwa ne dai ba dare ba rana, duwatsun hanya sun yi santsi kamar an shafa musu sabulu. Maigidana Koen na fama da bayansa kamar kullum, 'yarmu Lotte ta ci jarrabawarta, Kawu Juul kuwa ya sake rigima da maƙwabcinsa a kan tattabaru. Amma ba don waɗannan na zauna rubutu ba. Zancen Mama ne, kuma ka gyara zama, domin kai ma akwai rabonka na faɗa a ciki.

Ka san tun ciwon da ya taɓa ta lokacin kaka ya bar ta da jiri, likita ta hana ta hawa titi sai ranar da za ta iya riƙe kanta a kan keke ba tangaɗi. Abin da ban gaya maka a waya ba, don kada in fasa wayar, shi ne abin da Staf ya yi. Staf dai shugaban ƙungiyar masu keke ta unguwarmu, wanda Mama ta koya wa liƙe taya tun yana da majina a hanci. A liyafar ƙarshen shekara ya miƙe ya sanar wai bana, ranar fitar farko ta bazara, za a karrama Irma, wato Mama, da kujerar gaba a motar tsintsiya. Motar tsintsiya, Stijn! Wadda ke bin baya da tsintsiya ɗaure a kanta tana kwashe waɗanda suka gaza. Kuma aka yi ta tafi. Matar da ta yi tsere tun zamanin da limamin coci ke cewa mace a kan keken tsere abin kunya ce, ita za a dasa a kujera kamar buhun dankali. Mama dai ta ajiye cokalinta. Ni kuwa na faɗi abubuwa da dama, har sai da Koen ya ja ni waje.

Tunda titi ya haramta, dole a samo mata abin da za ta ɗora kekenta a kai ta riƙa tuƙi a cikin gida, in ba haka ba bazara ta iske ta a motar nan. Na karanta duk abin da aka rubuta a kansu har idona ya yi ja, na kuma yarda da shawararka: a sayi mai kama keke gam, wanda ake cire tayar baya a ɗaure shi a jiki, ga allo yana nuna tsaunuka. Muka je shago. Mai shagon ni yake ta yi wa bayani, ita kuma yana ce mata Kaka da ƙarfi kamar kurma. Mama ta hau abin nan naka, ta juya feda kaɗan, ta sauko. Ta ce wannan ai kujera ce aka yi wa feda, an ɗaure ta kamar saniya a turke. Wai ƙafarta ba abin da ya same ta, kanta ne ya manta yadda ake tsayawa, to keken da ba zai iya kayar da ita ba me zai tuna mata? Sai ta nuna wani abu a lungu: ganguna uku na ƙarfe masu juyawa, waɗanda ake ɗora keke a kansu haka kawai ba abin riƙewa. Mai shago ya ce wannan na matasan 'yan tsere ne, shi kansa ya taɓa karya kafaɗa a kai. Mama ta ce ta san da labarin, kuma ba laifin gangunan ba ne.

Mun yi faɗa a mota har gida. Na ce mata in ta karya ƙugu ba motar tsintsiya ba, motar asibiti za ta shiga. Ta ce ta ji, amma a motar asibiti aƙalla ba a yi wa mutum tafi. Muka girka gangunan a bakin ƙofar kicin, yadda in ta karkata kafaɗarta za ta daki dogarin ƙofa, na shimfiɗa katifa gaba da baya. Makonnin farko ban so ka gani ba. Kafaɗunta suka yi baƙi da ƙujewa, ta riƙa zagin gangunan da kalmomin da ban san ta sani ba, ni kuma ina tsaye a baya riƙe da sirdi kamar yadda ta riƙe mana muna yara. Sau da yawa na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska. Wata safiya ta ce in daina numfashi a wuyanta in je in ɗora kofi. Sai da na kai murhu na gane na saki sirdin, ga ta can tana tafiya sak, sarƙa na waƙa. Likita ta zo ta gani da idonta, ta ce ita kanta ba za ta iya ba, in titi ya bushe Mama ta hau abinta.

Ranar Lahadin da ta wuce sai ga Staf da furanni da wani bargo mai launin ƙungiya, wai don Mama ta rufe gwiwa a motar tsintsiya. Ya iske ta a kan ganguna. Ta saki hannu ɗaya, ta karɓi kofi daga hannuna, ta kurɓa, ta mayar mini, keken bai ko girgiza ba. Ta dube shi ta kira shi yaro, ta ce ta ga tumbinsa ya ƙaru, anya zai iya hawan tudu bana? Sannan ta ce tunda shi mai son tsintsiya ne, ga guda nan a bayan ƙofa, ya share mata ɓarɓashin burodin da ke ƙasa, amma ya kula kada ya taɓa mata ganguna. Stijn, ya share. Shugaba guda, da rigarsa ta zuwa coci. Da ya gama ya ce za a ba ta wuri a tsakiyar ayari. Ta ce wurin da za ta tsaya ƙafarta ce za ta faɗa, ba shi ba. Ni dai na juya ina wanke kofi don kada ya ga haƙorana.

Ka gaishe mini da Annelies, da Wannes, da ƙaramar Irma, ka gaya mata sunan wa take ɗauke da shi. Koen da Lotte da Kawu Juul suna gaisuwa. Mama ma tana gaishe ka, kuma bargon Staf da ka gani a cikin ƙunshin nan saƙonta ne. Ta ce tunda kai ma kujera ka zaɓa mata, ka rufa a gwiwarka.

Allah Ya tsare ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Godelieve