Waƙar Niƙan Inna

Haɗejiya, daren Talata, 9 ga Rajab

Sati guda ke nan da Baturen makaranta ya sa ni in rubuto masa waƙoƙin mata, wai zai yi nazarinsu ya sa a littafi. Na ce da wa zan fara in ba Inna ba?

Da hantsi na same ta, ina riƙe da fensir da takarda. Ta kau da kai kamar kullum. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta taɓa kamawa ba.

"Kai wannan, waƙar niƙa a zaune? Ni ba ta zo mini sai hannuna na kan dutse."

Na ɗebo gero, ta durƙusa. Da farko habaici ne ga maƙwabta, ina rubutawa ina dariya. Can sai muryarta ta yi ƙasa. Ta shiga waƙar wani yaro da kwalekwale ya haye da shi shekarar da kogi ya cinye fadama, za a kai shi makarantar Midil a Kano. Uwarsa ta ƙi rakiya don kunya, ta laɓe bayan rumbu, ta yini ba ta ci ba.

Shekara goma sha biyar ina zaton tafiyata ko a jikinta.

Ta share dutse ta ce, "Ka samo wa Baturen naka?" Na ce na samo.

Habaicin zan kai masa gobe, ya yi ta nazari. Ɗayar kuwa ban rubuta ba, ba kuma zan rubuta ba. Ni aka yi wa ita.