Dogo Ya Koma Bakin Tafki

Litinin, 3 ga Maris

Yaya ta tare a falona. Ƙafarta da ta karye na cikin filasta, gidanta kuma bene ne, don haka nan ɗin dai. Na ba ta doguwar kujera da matashi biyu. Tun safe take mita, wai zaman banza zai kashe ta kafin ƙashin ya haɗe. Don in huta sai na ɗauko tsohuwar kwamfutata, na buɗe mata wasan da nake yi, na ƙirƙira mata mutum, na nuna mata yadda ake tafiya da yadda ake sara.

Ta ce, "Auta, ni me dodon nan ya yi min da zan sare shi?"

Na ce haka wasan yake. Na bar ta a ƙauyen 'yan koyo na tafi shago.

Laraba, 5 ga Maris

Atisayen ƙungiyarmu ta wasan bayan aiki. Mu biyar kamar kullum: ni da nake ba da umarni, Mai Garkuwa, Kibiya, Boka, sai Dogo mai warkar da mu in an ji mana ciwo. Babbar gasa wata mai zuwa ce, kuma har yau mun kasa kayar da Dodon Kogo. Yau ma mun sha ƙasa. Duk lokacin da na waiwaya neman magani, Dogo na tsaye kamar an dasa shi. Ga makirfonsa a kashe. Ina ta "Dogo! Dogo!" sai daga baya ya rubuto, "Yi haƙuri, Kwamanda."

Haƙuri ba ya ta da matacce.

Abin da ke ba ni haushi, ni na koya masa wasan nan. Benci ɗaya muka zauna a makaranta. Tun da aiki ya kai shi can nesa ban ƙara sa shi a ido ba sai ranar aurensa. Ba ma waya, mu ba masu waya ba ne. Nan ne kawai nake samunsa, to in ya zo ɗin ya zo da hankalinsa mana.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya ta gano ana kamun kifi a wasan. Shi ke nan, an gama. Ta samu wani tafki a bayan ƙauyen 'yan koyo ta zauna. Ba yaƙi, ba hawa mataki, ba komai. Duk wanda ya gifta sai ta gaishe shi, ta tambaye shi ya gida. A wasa fa! Na ce mata haka ba a ci gaba. Ta ce ina za ta je, da wace ƙafar?

Talata, 11 ga Maris

Na ajiye Dogo a benci.

Dokar ƙungiya ce, kuma kowa ya yarda da ita tun farko: bayan kowane yaƙi allo na nuna ƙoƙarin kowa, wanda ya yi ta zuwa ƙarshe sai ya ba wani wuri. Da ita muka taso daga ƙasa muka kai inda muke. Ba zan karya ta don mutum abokina ne ba, in ba haka ba da wane baki zan yi wa Boka faɗa gobe?

Na yi zaton zai yi gardama, har na tanadi amsoshi. Sai kawai ya rubuto, "Ba komai. Doka doka ce." Ya fita.

Mun ɗauki wani da ake kira Walƙiya. Ban san shi ba, amma hannunsa kamar inji.

Alhamis, 13 ga Maris

A shago na goge gilashin tabarau na wata dattijuwa, na juya shi, na dama ya koma hagu. Ta sa ta ce ƙasa na tasowa. Mai shago bai yi faɗa ba, ya dai miƙo min wani sabon gilashi ya tsaya a kaina har na gama. Da ma ya yi faɗan.

Dogo bai shigo wasan ba. Na duba. Ba wai ina jira ba ne.

Lahadi, 16 ga Maris

Na dawo daga sayen maganin Yaya, tun daga bakin ƙofa na ji dariyar namiji a falona. Dariyar da na sani, mai kama da tari. Dogo! Muryarsa ce ke fitowa daga tsohuwar kwamfutata. Ashe ya je tafkin, ya ga sunan Yaya, ya gane ta. Yana zaune kusa da ita da sandar fatsa a hannu, mutumin da ke da rigar sulken da sai da muka yi wata muna neman ta.

Makirfonsa a kunne. A kunne!

Ni wata nawa ina roƙon ya ce uffan a wurin yaƙi. Yaya ta ɗago ta ce, "Ga abokinka, zo ku gaisa." Na ce hannuna da kaya. Na shige ɗaki na rufe ƙofa, amma bangon nan ba ya tare komai. Har na gama cin abinci suna ta hira. Me suke cewa haka? Me za ka ce wa yayar abokinka har tsawon wannan lokaci?

Litinin, 17 ga Maris

Yau ma.

Alhamis, 20 ga Maris

Kibiya ta makara atisaye. Ina take? Tafki. Boka ya shigo kogo da malafa a ka maimakon hular ƙarfe, wai "Anti ce ta saƙa min, tana kawo sa'a." Anti! Yaushe ta zama antinsu? Na ce ya cire ko ya fita. Ya cire, amma na ji Mai Garkuwa yana danne dariya.

Yanzu tafkin nan ya zama dandali. Yaya ta kafa rumfa, ta jera kujeru, ta shuka furanni. Mutanen da ba su san sunana ba, ni da nake cikin goman farko, sun san ranar da za a duba mata ƙafa. Matar da har yau ba ta san yadda ake zare takobi ba. Jiya kaza ta kore ta, kazar wasa, sai da wani ya kawo mata ɗauki.

Wallahi abin na ci min rai. Na rubuta, tun da ba mai karantawa: yana ci min rai.

Asabar, 22 ga Maris

Ina gyara mata matashi ƙarƙashin ƙafar sai ta ce, "Tsuntsuwa ta fara haƙori."

Na ce wace tsuntsuwa?

Ta dube ni sama da ƙasa. "'Yar Dogo mana. Haka yake ce mata, don bakinta kullum a buɗe."

Na san an yi haihuwa, har na tura barka. Abin da ban sani ba shi ne an mayar da matarsa aikin yamma, saboda haka daidai lokacin atisayenmu yarinyar na hannunsa. Da hannu ɗaya yake wasa. Makirfon kuma, wai yana kashewa ne don kada kukanta ya hana jama'a jin umarnina.

Na ce to me ya hana shi gaya min? Yaya ta ce, "Ka tambaye shi?" Na ce ni ba mai duba ba ne. Ta ce, "Ni ma ba mai duba ba ce, Auta. Cewa na yi ya gida."

Na fita na zaga layi har sau ban san adadi ba. Ya kamata in ji kunya, na sani. Amma abin da na ji ba kunya ba ce. Haushi ne. Ni ne abokinsa. Ni na tsaya masa ranar da aka kusa korarsa daga makaranta, ni na raka shi wurin matar nan tasa tun tana budurwa ba ta kula shi. Sai a wayi gari labarin haƙorin 'yarsa ya iso ni ta bakin Yaya, wadda sati uku da suka wuce ba ta san akwai wasan ba.

Laraba, 26 ga Maris

Mun kayar da Dodon Kogo. Walƙiya bai bar kowa ya faɗi ba. Mun hau na uku a jerin ƙungiyoyi.

Na yi ihu har maƙwabci ya buga bango. Walƙiya ya ce "madalla" ya fita, yana da wata ƙungiyar da ke jiransa. Kibiya da Boka suka ce sai an jima, na san inda suka nufa. Na zauna ni kaɗai a kogo da gawar dodo.

Na rubuta wa Dogo, "Mun kayar da shi." Ya amsa, "Barka, Kwamanda."

Kalma biyu. Ita kuwa Yaya yau har labarin yadda injin wankinsu ya lalace ya ba ta, da irin ƙarar da yake yi. Na ji yana kwaikwaya.

Asabar, 29 ga Maris

Na bi ta wajen tafkin. Hanya ce, akwai ma'adinin da nake nema a dutsen da ke sama. Daga can ana hango su: Yaya a tsakiya, Dogo a gefenta, sauran sun kewaye. Ba abin da suke yi. Zaune kawai, igiyoyi a ruwa. Na tsaya ina kallo don in gane me ke cikin abin.

Sai muryar Yaya daga falo, ba ta makirfo ba, ta bango: "Auta! Kai ne can saman dutse tsaye kamar mai gadi?"

Kuma nata makirfon a kunne. Duk tafkin ya ji.

Na kashe kwamfutar gaba ɗaya.

Talata, 1 ga Afrilu

Na yanke shawara zan mayar da shi. Na tsara komai: mu matsar da atisaye zuwa safiyar Asabar lokacin matarsa na gida, in yi wa Walƙiya bayani, in ɗauki surutun Mai Garkuwa. Na rubuta masa doguwar magana, ban taɓa rubuta masa irinta ba.

Na tura. Sai ga amsarsa: "Na gode, mutumina. Amma bar ni a nan. A nan in Tsuntsuwa ta yi kuka na ajiye wasan, ba wanda ke mutuwa."

Na karanta ya fi a ƙirga. Babu fushi a ciki, abin da ya fi ciwo ke nan. Da fushi yake da na san yadda zan yi da shi. Mutumin ya samu wuri ne kawai, kuma ba ni a wurin.

Yaya ta tambaye ni ko lafiya, idona ya yi ja. Na ce ƙurar gilashi ce.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Gobe gasa. Ban yi wa Yaya magana sosai ba kwanan nan. Ta lura. Ba laifinta ba ne, amma ban san na wa zan ɗora wa ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Maƙwabciya ta kai Yaya asibiti a duba filasta. Gidan shiru. Na shirya da wuri, na gyara makamai, sai na ga da sauran lokaci. Na ce bari in leƙa tafkin tun da mai shi ba ta nan, in ga ko furanninta na buƙatar ruwa. Ita ta ce in duba mata. Ko ba ta ce ba, da ta ce.

Dogo ne kaɗai a wurin.

Na zauna, ba kusa sosai ba. Ya miƙo min sandar fatsa. Ban iya jefawa ba, ƙugiyar ta maƙale a rumfa. Ya yi dariyar nan tasa, sannan ya nuna min. Ina jin numfashin yarinyar a makirfo, da ɗan ƙunƙuni. Can ta tsala ihu. Ya ce, "Kai, ta ɓata jikinta. Tsaya min a nan, ina zuwa."

Ya tashi bai kashe makirfon ba. Ina jin ƙarar famfo, ina jin yana lallashinta da wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba.

Sai kiran ƙungiya ya faɗo a allo. An buɗe ƙofar gasa. Na ce bari ya dawo in yi masa sallama, ai ba daɗi mutum ya dawo ya tarar ba kowa. Kiran ya sake zuwa. Kibiya ta rubuto da manyan baƙaƙe. Famfo na ta zuba. Na san ana rufe ƙofar, ni na fi kowa sani. Hannuna na kan maɓallin.

Da ya dawo ya ce, "Kwamanda? Ba yanzu ne gasarku ba?"

Na ce an ɗaga.

Sanarwar gasar na yawo a saman allon kowa, har da nasa. Bai tona ni ba. Sai ya ce, "To gaishe ta, ga ta nan. Tsuntsuwa, ga baffanki." Na ce sannu. Ban san me ake ce wa jariri ba. Ta kama makirfon ta cusa a baki, kunnena ya kusa fashewa.

Sun shiga da wani a madadina, sun fito na bakwai. Na rubuta musu cewa wuta aka ɗauke. Mai Garkuwa ya ce wace irin ɗauke wuta ce ke barin mutum a bakin tafki da sanda a hannu? Suna da gaskiya su yi fushi. Ban bar gasa ba, kada ma wani ya ɗauka haka, zango mai zuwa zan gyara komai.

Kifi kuwa ko ɗaya ban kama ba. Wasan banza ne, har yanzu ban ga abin da suke gani a ciki ba.

Dogo ya ce gobe ma matarsa na aiki. Ban ce zan zo ba. Na dai tambaye shi ƙarfe nawa.