Ƙwayoyin da Kawuna Ya Rama Bayan Sallah

Assalamu alaikum Malam Edita, da kai da duk masu karanta wannan shafi. Ina gaisuwa, da fatan an yi sallah lafiya, ya kuma aikin damina? Don Allah kada a buga sunana ko na wurin aikina, kuma kada a yi saurin zagina. Na zagi kaina har na gaji.

Ni malamin asibiti ne a wani ɗan asibitin kutare na 'yan mishan a ƙasar Makarfi. Musulmi ne ni, haihuwar Kurmin Kogi, neman abinci ya kai ni. Mai riƙe da wurin wata Baturiya ce, Sista muke ce mata. Ta baro ƙasarsu da danginta tun tana da ƙuruciya, ga shi har furfura ta fara fito mata a cikinmu. Ɗakin ƙasa take kwana kamar kowa, tuwon dawa take ci, zazzaɓi ya sha kayar da ita ta miƙe ta koma wankin gyambo. Kullum da safe sai ta yi addu'arta irin ta addininsu, mu yi shiru har ta gama. Ban bi ta ba, ita ma ba ta taɓa ɗaure mini fuska a kan haka ba. Da idona na ga ta riƙe hannun da 'yan'uwan mai shi suke ƙyamar taɓawa.

Aikina shi ne sau biyu a mako in hau keke in kai ƙwayoyin magani Gazara da Kurmin Kogi, masu ciwon su taru a gindin tsamiya in raba musu. Doka ɗaya ta kafa mini, ta maimaita har na haddace: "Ka sa a baki, ka ga an haɗiye, a buɗe baki ka duba. Kada ka ba kowa ya tafi da shi gida. Maganin nan yana da ƙarfi." Haka nake yi har azumi ya kama. Cikin masu karɓa akwai kawuna, ƙanen mahaifiyata, mutumin da ya riƙe ni tun ina cikin tsumma. Ciwon bai ci shi ba tukuna, tabo ne kawai a baya da kafaɗa. Ranar farko na miƙa masa ƙwaya da moɗar ruwa, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yaro, ni zan karya azumi da rana tsaka? Kwance ka gan ni? Daga gona fa nake. Ba ni, in an sha ruwa na haɗiye." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, an hana ni." Ya ce, "Wa ya hana ka? Ita ta goya ka?" To ku faɗa mini, wane ɗa ne zai ce wa kawunsa buɗe baki in duba, a gaban jama'a, cikin azumi? Na ƙunshe masa a takarda. Da sauran suka gani, kowa ya miƙo hannu. In na dawo Sista ta tambaye ni, "Kowa ya haɗiye?" in ce, "Kowa ya haɗiye, Sista." Sau takwas na yi wannan ƙarya, da azumi a bakina.

Ashe sauran suna sha bayan buɗa-baki, shi kuwa Kawu ko ɗaya bai sha ba. Wai ba zai haɗa maganin Nasara da watan azumi ba, kada ladansa ya ragu. Sai ya riƙa tarawa a cikin batta. Kashegarin sallah ya ce wa matarsa, Inna, abin da ya wuce mutum ai ramawa ake yi, kamar yadda ake rama sallah. Ya juye su duka a tafin hannu ya kora da kunu. Kafin kwana biyu leɓɓansa sun yi baƙi, idonsa ya yi ruwan ɗorawa, numfashi yana neman gagararsa. A kan jaki aka kawo shi. Sista ba ta gusa daga gefensa ba, ta yi duk abin da ta sani, a kwana na uku Allah ya karɓi abinsa.

Abin da ya hana ni sakat shi ne abin da ya biyo baya. Dab da azumi Sista ta ƙara masa yawan ƙwayar, don ta ga jikinsa yana karɓa. Sai ta yanke cewa ƙarin nan ne ya kashe shi. Ta ce mini da Hausarta, "Na yi gaggawa, Malam. Hannuna ne." Na sunkuyar da kai, na bar ta a kan haka. Tun ranar ta tsayar da maganin kowa, sai likita ya zo daga Zariya ya duba, ga ruwa ya cinye hanya, ba wanda ya san ranar zuwansa. Mutanen da tabonsu ya fara gogewa suna tare ni a kasuwa suna tambaya, ni kuwa sai kame-kame. Ita ta rame, ba ta cin abin kirki, ta rubuta wa manyansu cewa a aiko wata, ita ba ta cancanta ba.

Ni ma ban san zancen batta ba sai ranar sadakar uku, Inna ta ja ni bayan rumbu ta faɗa mini. Na ce zan gaya wa Sista. Ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Kul! So kake gari ya ɗauka ya kashe kansa? A riƙa nuna 'ya'yansa da baki? Kai ka ba shi a takarda, ka manta? In ka tona, ba ni ba kai." To ina zan sa kaina? In na faɗa, aikina ya tafi, wannan ma da sauƙi. Sunan wanda ya rene ni zai ɓaci yana kabari. In na yi shiru, baiwar Allah tana ɗauke da kayan da ba nata ba, ga mutane ciwo yana dawo musu. Wallahi na gaji, ko keken nan in na hau ji nake kamar dutse nake turawa.

Jiya Sista ta kira ni ta ce ran Juma'a in raka ta Kurmin Kogi. Tana so ta durƙusa gaban Inna ta ce ita ce sanadin mijinta, ta nemi gafara. Ta ce Hausarta takan gudu in kuka ya zo mata, don haka ni zan faɗa a madadinta, saboda ni ne ta amince da bakina. Inna za ta zauna tana kallona, ta san na sani. Yau Talata. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?